Kwantenar tace ruwan magani da ƙwayoyin halitta: abin da take iyawa a zafin Damagaram da abin da ya fi ƙarfinta

Masu klinik, da masu labo, da ƙananan wuraren haɗa siro da ruwan wanke ciwo, su aka fi kawo wa tallar wannan na'ura. Kwantena ce ta ƙarfe mai tsawon mita 6, irin ta dakon kaya, an raba cikinta ɗaki-ɗaki, an ɗaura mata injin hura iska da famfo biyu da akwatin wuta. Dillalai na kiran ta MBBR, wato na'urar tace dagwalon ruwa da ƙwayoyin bakteriya da ke manne a jikin ƴan robobi masu yawo a ruwa. Akan haɗa wa mai saye da bokitin wani gari mai kama da dusa, a ce masa ga ƙwayoyin nan, ya zuba ya ga aiki. A ganina kwantenar ta ci kuɗinta ga wanda ya san abin da ya saya. Garin kuwa, a mafi yawan lokuta, asarar kuɗi ne. Kuma duk dillalin da ya ce ruwan zai fito babu ɓurɓushin magani ko kaɗan, ya faɗi abin da na'urar ba ta yi alkawari ba.

Ruwan yana fara bi ta wata raga da ke tare auduga da bandeji da marfin kwalabe. Daga nan sai tankin gauraya, inda ruwan safe da na yamma ke haɗuwa su daidaita. Sai ɗakuna biyu na iska, waɗanda su ne zuciyar aikin, sai tankin kwantar da laka, sai wurin kashe ƙwayoyin cuta a ƙarshe. A ɗakunan iska akwai ƴan robobi dubbai, kamar makaroni da aka yayyanka, kowane faɗinsa wajen santimita ɗaya, da ƴar gicciye a cikinsa. Nauyinsu ya ɗan gaza na ruwa, kusan giram 0.95 a kowane santimita kubik, shi ya sa kumfar iska ke juya su kamar wake a tukunya mai tafasa. A cikin ramukansu ƙwayoyin bakteriya ke manne su yi wani yauƙi mai launin ƙasa. Wannan yauƙin shi ne ma'aikacin. Ƙarfe da famfo hidimarsa kawai suke yi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1914 Ardern da Lockett suka nuna a Mancesta ta Ingila cewa laka mai rai da aka hura wa iska tana cinye dattin ruwa. Ta robobin kuwa Farfesa Hallvard Ødegaard ne ya fito da ita a Turondihem ta Norwe a ƙarshen shekarun 1980. Fifikonta a wurinmu ɗaya ne, amma babba: ƙwayoyin suna manne, ba yawo suke a ruwa ba. In guba ta shigo, na saman yauƙin ne ke mutuwa, na ƙasa su tsira su sake yaɗuwa. A tsarin laka mai yawo, rana ɗaya ta ɓaci tana iya wanke tanki tas.

Su waye ke cikin yauƙin

Rukuni na farko su ne masu cin abinci mai sauƙi: sukarin siro, alkol, sitaci, sabulu, da abin da ya fito daga bayan gida. Cikinsu akwai Pseudomonas da Bacillus da Acinetobacter, da Zoogloea mai fitar da danƙon da ke haɗa laka ta dunƙule. Waɗannan ba su da wuyar sha'ani, cikin sa'o'i kaɗan suke ninkuwa. Wasu Pseudomonas na farfasa parasetamol ya koma 4-aminofenol, sannan hidrokinon, har ya ƙare a iska da ruwa. An samu Sphingomonas mai cin ibuprofen, da Microbacterium mai cin sulfametoksazol, wato ɗaya daga cikin magunguna biyu da ke cikin kotrimoksazol.

Rukuni na biyu su ne ƴan lele, kuma su ya kamata mai na'ura ya fi sa wa ido. Nitrosomonas na mai da amoniya nitrit, Nitrospira da Nitrobacter su mai da nitrit nitrat. A 2015 aka gano wasu Nitrospira na yin matakan biyu su kaɗai. Ninkuwarsu na ɗaukar kusan kwana guda ko fiye, ga su da saurin fushi: zafi ya yi yawa su tsaya, tsami ya yi yawa su tsaya, a ɗiga guba su riga kowa mutuwa. Amfaninsu ya wuce cire amoniya. Anzim ɗin, wato sinadarin jikinsu da suke kama amoniya da shi, ba ya tantancewa sosai, yakan haɗa da wasu magunguna ya gutsura, kamar sinadarin etinilestradiyol na ƙwayar tazarar haihuwa. Shi ya sa tankin da ƴan lelen nan ke cikin ƙoshin lafiya ya fi rage magani. Amoniyar da ke fita daga na'ura ita ce ma'aunin lafiyar gidan gaba ɗaya, kuma gwajinta da ƴar takarda ko ɗigo bai fi minti goma ba.

Wanda ke da mikroskop, kuma kowane labo na da shi, ya kankaro yauƙi kaɗan ya duba sau ɗaya a mako. In ya ga Vorticella, masu kama da ƙararrawa a kan sili, suna miƙewa suna tsukewa, da ƴan rotifa suna kaɗa gashin baki, lafiya lau. In suka ɓace dare ɗaya, aka bar ƙananan masu bulala kawai suna zarya, guba ta shiga jiya. Zaren da ya yi yawa kamar gashin masara yana nuna ƙarancin iska, galibi Sphaerotilus ne, ko Thiothrix in ruwan ya ruɓe yana warin ƙwai kafin ya iso.

A yi lissafi kafin a yi ciniki

Dillali zai ce kwantenar na ɗaukar mita kubik kaza a rana. Wannan rabin magana ce, don ƙwayoyi ba lita suke ci ba, datti suke ci. Kuma a nan Damagaram, inda gari ke zaune kan dutse, ruwa na zuwa daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram, wasu unguwanni sai da ƴan ga-ruwa, ba wanda ke wanke-wanke da ruwa a yalwace. Sakamakon haka dagwalon yakan fito da kauri fiye da wanda aka auna na'urar da shi a ƙasar da aka ƙera ta. Sai a kai samfur labo a auna DCO da DBO5, waɗanda a Najeriya ake kira COD da BOD: DCO ma'aunin dattin ruwan ne gaba ɗaya, DBO5 kuwa na ɓangaren da ƙwayoyi ke iya ci cikin kwana biyar. Kada a ɗebi samfur sau ɗaya. A tara na kowace awa biyu cikin yini guda, a cikin sanyi, a maimaita a ranar da aka wanke tukwanen haɗa magani.

Misali: mita kubik 10 a rana, DCO miligiram 1,200 a lita, DBO5 600. Abincin yini kilo 6 ke nan. In aka ɗora wa kowane murabba'in mita na roba giram 5 a rana, ana bukatar murabba'in mita 1,200. Robobi irin na K1 suna da murabba'in mita 500 na wurin mannewa a kowace mita kubik, saboda haka mita kubik 2.4 na roba, cikin ɗaki mai kusan mita kubik 5 in an cika shi rabi. Ba a wuce kashi 67 zuwa 70 cikin ɗari, in an wuce robobin su cushe su daina juyawa. Ɗaki na biyu na masu cin amoniya ne: giram 400 na amoniya a rana zai so wajen mita kubik ɗaya na roba. A nan ake yawan yi wa mai saye ƙwange. A buɗe murfi a auna robar da bokiti, kada a yarda da abin da ke takarda.

Rabon DBO5 da DCO shi ma magana ne. In ya kai 0.5, ruwan abinci ne. In ya gaza 0.3, mafi yawan dattin ba na cin ƙwayoyi ba ne, kwantenar ita kaɗai ba za ta fitar da kai kunya ba.

Abinci kuma sai da mahaɗi. Ƙa'idar da aka saba ita ce 100 na DBO5, 5 na azot, wato naitirojin, 1 na fosfor. Ruwan klinik da ya haɗu da na bayan gida yana da isasshe. Na wurin haɗa siro kuwa sukari ne zalla, sai an ƙara. A misalinmu, giram 300 na azot da 60 na fosfor: wajen giram 300 na takin DAP da giram 550 na ure, duka ana samu wurin masu sai da takin zamani. In babu su yauƙin ya koma kamar kunun kanwa da ya kwana, ya ƙi kwanciya.

Garin cikin bokiti

Abin da ke cikin irin wannan gari galibi ƙwayayen Bacillus ne da suka yi barci, an gauraya da dusa da ɗan anzim. Bacillus na jure bushewa, shi ya sa ake iya ƙulla shi a leda. Amma ai shi ne ba a rasawa, yana cikin ƙasar kowace gona. Waɗanda ake nema ruwa a jallo, masu cin amoniya, ba sa yin wannan barci, ba sa jure bushewa. Ana sai da su ne a ruwa, cikin sanyi, kuma kwanansu ƙidayayye ne. Bokitin da ya kwana biyu a bayan mota daga Kano ko Yamai cikin watan Afrilu, aka rubuta masa Nitrosomonas a jiki, rubutun ne kawai ya iso.

Akwai kuma abin da masana suka daɗe da lura da shi: ƙwayar da aka yi rainonta a labo, in an zuba ta cikin tanki, ƴan gida sukan fi ƙarfinta, ƙananan dabbobin ruwa su cinye saura. Garin na iya rage kwanakin farawa, ko ya taimaka bayan guba ta yi ɓarna. Zuba shi kowane wata har abada, kamar yadda wasu kwangiloli ke tilastawa, haraji ne kawai.

Iri mafi kyau shi ne laka ko robobi daga wata na'ura mai aiki. In babu, a tace ruwan saman fos, wato ramin bayan gida, na gidan da ba a zuba masa ruwan bilic na Javel, a ƙara ƴan shebur na ƙasar lambu mai taki da aka jiƙa aka tace. A cika ɗakunan da ruwa, a kunna iska dare da rana. Kwanakin farko robobin za su taru a sama su ƙi nutsewa, kada a ce sun lalace, sabuwar roba ce ba ta saba da ruwa ba. Kumfa fara kamar ta omo ita ma ta farawa ce, tana wucewa. Makon farko a ba su ruwan bayan gida da na wanka kawai. Daga nan a shigo da ruwan magani kashi 10 cikin ɗari, a riƙa ƙara kashi 10 zuwa 20 duk mako, muddin DCO na sauka. Yauƙi yakan bayyana cikin mako biyu zuwa huɗu, masu cin amoniya sai mako huɗu zuwa takwas. Mai gaggawar da ya sakar musu duka ranar farko zai sake farawa daga tushe.

Abin da ke kashe ta

Ba antibiyotik ne kan gaba ba, Javel ne. Mai shara ya gama goge ɗakin haihuwa ya tuntsure bokiti a magudana, ko labo ta zubar da ruwan jiƙa kayan aiki gaba ɗaya. Haka glutaraldehid, da kloreksidin, da ruwan iyod, da kresil. An yi su ne don kashe ƙwayoyi, ba su san na kirki da na banza ba. Maganin abin shi ne tankin gauraya mai ɗaukar ruwan yini guda cur, wanda a kwantenoni da yawa an yi shi ƙarami don a rage tsada. Ina ba da shawarar a gina na siminti a ƙasa, a gaban kwantenar. Ruwan Javel mai ƙarfi a tara shi daban a bido, a kashe shi da tiyosulfat, a gwada da takardar klor, sannan a riƙa ɗiga shi a hankali.

Magungunan da kwanansu ya ƙare ba na magudana ba ne sam, hanyarsu ta ƙonawa ce. Ruwan wanke tukunyar amoksisilin da danginsa na penisilin kuwa ana karya shi tun a wurin: a ɗaga pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, zuwa 11 ko 12 da soda mai ƙuna, a bar shi wasu sa'o'i ana juyawa, ginin sinadarin maganin ya tsinke, a dawo da pH kusa da 7 kafin a sake shi. Da safar hannu da tabarau, don soda ba ta wasa da ido.

Ga gwaji mai sauƙi ga duk ruwan da ake shakka. A ɗebi robobi cikin kwalabe biyu masu ruwan tanki da ya sha iska, a ƙara wa ɗaya ruwan da ake zargi, a sa na'urar auna oksijin a rufe. In ta farko na shan oksijin da sauri ta biyu ta yi tsaye, kada ruwan nan ya shiga.

Sai zafi. Ruwa mai digiri 20 na riƙe oksijin miligiram 9.1 a lita, a digiri 30 ya koma 7.5, a 40 ya koma 6.4, tudun Damagaram kuma ya ƙara zaftare kusan kashi 5 cikin ɗari. A lokaci guda ƙwayoyin na ƙara cin iska saboda ɗumi. Ɗakin farko na son aƙalla miligiram 2 zuwa 3, na biyu 4 zuwa 6, don iska sai ta ratsa yauƙi. Kowane giram na azot ɗin da ke cikin amoniya da aka juya yana shan giram 4.57 na oksijin. Tsakanin digiri 28 da 35 masu cin amoniya suna cikin daula, daga 38 zuwa sama sai su fara janyewa. To ga kwantenar ƙarfe a tsakar rana cikin bazara, ga iskar da injin ke hurawa ita ma da zafinta take fita. Rumfa ba ado ba ce a nan, wajibi ce, da farin fenti, da rata tsakanin rufi da kwantena don iska ta wuce. Injin hura iska a nemi wanda ya fi lissafin takarda, kuma biyu, ɗaya na hutawa. Da hunturu matatar iskar injin na toshewa da ƙura cikin kwanaki, sai a kakkaɓe ta duk mako, in ba haka ba injin ya yi zafi ya ƙone.

Ɗaukewar wuta ta awa biyu ko uku ba ta kashe yauƙi. In ta kai rabin yini cikin zafi, tanki ya fara baƙi yana wari. Injin iska shi ya kamata ya fara hawa grup ko sola, famfo na iya jira. In wuta ta dawo a hura iska awa ɗaya ko biyu kafin a sako sabon ruwa.

Tsami kuma a hankali yake shigowa. Kowane giram na azot ɗin amoniya yana cinye giram 7.14 na abin da ke tare tsami a ruwa, pH ya gangaro ƙasa da 6.5, aiki ya tsaya ba tare da an ga dalili ba. Ana riƙe shi tsakanin 7 da 8 da bikarbonat, wajen giram 12 ga kowane giram na azot ɗin amoniya in ruwan ba shi da nasa. Kanwa na yi, ga ta a kasuwar Dole, sai dai ƙarfinta ba ɗaya ba ne kuma tana tafe da gishiri da yashi. A jiƙa, a tace, a zuba kaɗan-kaɗan ana aunawa.

Abin da ke wucewa ta cikinta

Parasetamol da ibuprofen na raguwa da fiye da kashi 90 cikin ɗari a na'ura mai lafiya. Amoksisilin na rushewa da wuri. Sulfametoksazol rabi da rabi ne, wani lokaci ma a ga ya ƙaru a mafita, don abin da jiki ya canza ya fitar a fitsari ƙwayoyi na mai da shi asalinsa. Diklofenak yau ya ragu gobe ya ƙi. Karbamazepin na masu farfaɗiya shiga yake ya fita kusan yadda ya zo, haka ruwan iyod da ake sa wa majiyyaci kafin hoton rediyo. Siprofloksasin kuwa yaudara gare shi: yana raguwa a ruwa, amma ba cinye shi aka yi ba, manne wa laka ya yi.

An yi ta gwajin wasu naman gwari masu ruɓar da itace, irin su Trametes versicolor, waɗanda anzim ɗinsu ke taɓa karbamazepin da diklofenak. A labo suna burgewa, a buɗaɗɗen tanki bakteriya kan danne su. Abin da ke aiki a hannu shi ne gawayin tacewa na musamman ko iskar ozon bayan ƙwayoyi sun gama nasu. Suwizalan ta sa dokar haka a 2016, da burin rage irin waɗannan ɓurɓushi da kashi 80 cikin ɗari, kuma ƙasa ce da ta riga ta cika da na'urorin ƙwayoyi masu kyau. A nan gawayin ya fi dacewa: tulu biyu a jere, bayan matatar yashi, ruwa ya daɗe minti 20 zuwa 30 a ciki, in na farko ya ƙoshi a sauya shi na biyu ya dawo gaba. Gawayin dafa shayi ba ya maye gurbinsa. Kwantenar da ba ta zo da wannan mataki ba, a sa kuɗinsa cikin lissafi tun farko.

Dalilin nacewa a kan antibiyotik shi ne tankin da ke cike da bakteriya, ana ɗiga masa magani kaɗan-kaɗan kullum, makaranta ce ta koyon bijire wa magani. A Patanceru kusa da Haidarabad ta Indiya, binciken Joakim Larsson na 2007 ya samu siprofloksasin har miligiram 31 a lita a ruwan da ya fito daga matatar da ke karɓar dagwalon masana'antun magani kusan 90, fiye da abin da ke jinin mai shan maganin. A Satumban 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ta farko kan ruwan masana'antun antibiyotik. Namu bai kai ko kusa da wancan ba, amma a garin da damina ke haɗa magudana da tafkunan cikin gari, yara na wanka, dabbobi na sha, masu lambu na ɗiba, ɗan kaɗan ma ba abin rainawa ba ne.

Saboda ƙarancin ruwa, kowa zai so ya yi amfani da wanda ya fito. A ba bedi da sauran itatuwan inuwa, ta tiyo a gindi. Kada a kai shi kan salati da shu da tumatir. Ramin tsotsewa kuma a gwada shi kafin a dogara da shi, a unguwannin da dutse ke kusa ruwan ba ya nutsewa, kwanciya yake ya tara sauro.

Lakar da ke taruwa a tankin kwantarwa a zuƙe ta kullum ko bayan kwana biyu, in ta daɗe takan taso sama gudaji-gudaji saboda iskar azot. A shanya ta a kan gadon yashi mai siminti a ƙasa, kauri kada ya wuce santimita 20 zuwa 30, rana za ta busar da ita da wuri. Tunda a cikinta siprofloksasin da danginsa suka ɓuya, ba taki ba ce, ko da mai lambu ya roƙa. Ta bi sharar likita zuwa wurin ƙonawa.

A takardar ciniki a nemi abu uku a rubuce: mai sayarwa zai zauna har amoniyar mafita ta sauka ƙasa da miligiram 5 a lita mako biyu a jere, za a riƙe wani kaso na kuɗin sai an ga sakamakon labon da mai saye ya zaɓa, kuma na'urar auna oksijin da ta pH da ruwan daidaita su suna cikin kaya. A duba ragar da ke hana robobi fita daga ɗaki zuwa ɗaki, ta zama ta ƙarfen da ba ya tsatsa, ramukanta ƙasa da girman robar, da bututun iska a gindinta mai kore su. In ta toshe ruwa ya yi ambaliya, robobin tsakar gida za a tsince su da tsintsiya.